Kwana Huɗu a Duwala, Garin da Ruwa ke Tsara wa Mutane Lokaci

Ina gaida makiyaya da ke ruga da waɗanda ke kan burtali da rediyo rataye a kafaɗa. Ina gaida 'yan kasuwar bakin iyaka, da direbobin kamyo da yaran mota da ke zaune gindin inuwa suna jiran takarda ta fito daga ofishin duwan. Allah ya ba da sa'a, ya tsare dukiya.

Duk wanda ke zaune a bakin wannan babbar hanya tamu ya saba jin ana cewa "kayan Duwala ne". Buhun shinkafa, sukari, fulawa, tayar mota, kwanon rufi, in ka bi sawunsu za ka tarar ta can suka shigo. Haka kuma shanunmu da albasarmu, in suka nufi kudu, da yawa can suke ƙarewa. Ni kaina na sha faɗin sunan garin nan a wannan ɗakin watsa shiri, ina karanta muku farashi, alhali ban taɓa taka ƙasarsa ba. To, a watan Yuli Allah ya nufa na je, kuma yau zan ba ku labarin kwana huɗu na farko da na yi a can.

Tun kafin in fara bari in faɗi abin da na koyo, don wanda zai tashi bin garke kafin shirin ya ƙare. Mu a nan rana muke lissafi da ita: kafin ta yi zafi, bayan ta yi sanyi. A Duwala ruwa ake lissafi da shi, na sama da na kogi. Baƙon da bai gane wannan ba, kuɗinsa da lokacinsa za su zube tun bai buɗe bakin ciniki ba.

Hanyar da na bi ita ce wadda yawancinku kuka sani: mota zuwa Ngaundere, daga nan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, kilomita 622, layin dogon da ya iso Ngaundere a 1974. Daga Yawunde sai bas, kusan kilomita 240, cikin kurmi da gonakin kwakwar manja har Duwala.

Rana ta farko: ruwan sama

Mun shiga gari bayan la'asar ana ruwa. Na ce a raina, to, bari in fake a tasha ya ɗauke, kamar yadda muke yi a gida. Jama'a, na fi awa biyu a tsaye ƙarƙashin rumfa, ruwan nan ko alamar gajiya bai yi ba. Da na duba sai na ga ni kaɗai ke jira. 'Yan acaɓa, waɗanda a can ake kira benskin, sun kafa wata doguwar laima a kan babur suna ta ɗaukar fasinja. Mata masu gasa kifi suna ta fifita wuta ƙarƙashin leda. 'Yan dako suna tura baro, ruwa har idon sawu.

Ga dalili. Duwala na samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara. Garwa tana samun wajen 1,000. A watan Agusta kaɗai, ruwan da ke zuba a Duwala ya fi wanda Njamena ke samu a shekara guda cur. Garin yana kusa da teku, iska na ɗauko danshi daga can, ga kuma Dutsen Kamaru a yamma, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, yana tare hadari. Wanda ya ce sai ruwa ya ɗauke zai fita neman abinci, a damina zai kwana da yunwa.

Ƙarshe dai na haƙura na hau benskin zuwa Nyubel, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa zango. Wani dattijo ne ya sauke ni, abokin cinikin kawuna tun suna samari. Da ya ga yadda na jiƙe sharkaf, da ambulan ɗin takarduna ya yi laushi kamar tuwo, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa ya aike ka Duwala da takarda a aljihun riga?" Na ce, "Baba Alhaji, rashin sani ne." Ya sa aka kawo mini jakar leda mai zif, ya ce katin shaida da katin rigakafin shawara da waya su shiga ciki, kada su sake fitowa sai a gaban jandarma.

Akwai wani abu kuma da ba na ruwan sama ba, shi ne danshi. Iskar garin a jiƙe take ko da rana ta fito. Rigar da na wanke daren farko, kwana biyu tana kan igiya ba ta bushe ba. Kilishin da na riƙo na ajiye wa kaina a jaka, ranar ta uku na buɗe na tarar ya yi fumfuna. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa in mun zo maganar albasa.

Da dare muka fita cin abinci. A Nyubel za ka ji Hausa da Fulatanci kamar kana Marwa: ga mai shayi, ga mai tsire, wanda a can suke ce wa soya, ga masallatai. Amma da ka tsallaka titi biyu, sai Faransanci da Turancin buroka. Mutanen kudu suna kiran ɗan arewa "magida". Da na fara ji na ɗauka wata kalma ce tasu, ashe maigida ce tamu ta Hausa, bakinsu ya gutsure ta. Kun ga ke nan tun kakanni ake wannan zirga-zirga.

Rana ta biyu: kogin da ke komawa baya

Da safe Alhaji ya haɗa ni da ɗansa, wani saurayi sa'ana, haifaffen garin, ya ce ya kai ni in ga kogi kafin in ga kasuwa. Muka tsaya bakin titi neman tasi. Yadda ake yi a can, tasi ɗin rawaya ne, na haɗaka. In ya rage gudu sai ka faɗi inda za ka da kuɗin da za ka biya, da ƙarfi. In direba ya yarda zai danna oda, in bai yarda ba ya wuce abinsa, ba gaba ba faɗa.

Sunan kogin Wuri. Koguna biyu ne, Nkam da Makombe, suke haɗuwa a arewa maso gabashin garin su haife shi. Mun isa bakinsa ta wajen unguwar Daido da misalin ƙarfe tara. Na ga baƙar laka shimfiɗe mai faɗi, kwale-kwale a kwance a kanta kamar an yar, ruwan yana can nesa. Na ce wa abokin tafiyata, "Kai, ashe kogin naku ma yana ƙafewa da damina?" Ya ce in yi haƙuri mu dawo bayan azahar. Da muka dawo, wallahi sai na yi tsaye. Lakar nan babu ita, kwale-kwalen duk suna yawo a kan ruwa, kuma tarkacen ganye da na zuba wa ido na ga suna tafiya sama, wato wajen da kogin ya fito.

Mu mun san Binuwai da Lagon: sau ɗaya suke kawowa a shekara, sau ɗaya suke janyewa. Wuri kuwa sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa a kowace rana, saboda bakinsa a buɗe yake ga teku. Wata ne ke jan ruwan teku, in tekun ya tashi sai ya turo ruwan cikin kogi, bayan kamar awa shida ya sake shi. Tsakanin cika da janyewa ya kai tsayin mutum, wani lokaci ya fi. Kuma lokacin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kullum yana jinkirta da kusan minti 50. Shi ya sa masunci a can ba zai ce maka ka zo ƙarfe kaza kullum ba, sai ya duba ruwa tukuna.

Wannan shi ne sirrin ambaliyar garin ma. In ruwan sama mai ƙarfi ya zo daidai lokacin da kogi ya cika, lambatun gari ba su da inda za su zubar, sai ruwa ya koma cikin unguwannin da ke kwari. Don haka in za ka kama ɗaki ko shagon ajiya, duba bango. In ka ga zanen laka a kai, ruwa ya taɓa kaiwa nan, kuma zai dawo.

Daga wannan kogin ƙasar ta samo sunanta. Wajen shekara ta 1472 Turawan Fotugal suka shigo bakinsa da jirgi, suka tarar da jatan lande birjik, suka sa masa suna Kogin Jatan Lande. Kalmarsu ta jatan lande, kamaroes, ita ce ta rikiɗe ta zama Kamaru. 'Yan ƙabilar Duwala da ke zaune a bakin kogin su ne dillalan wancan zamani. Bature ya tsaya a jirginsa, mutanen cikin ƙasa su tsaya a garuruwansu, hauren giwa da manja ba sa wucewa sai ta hannunsu, kuma sai an biya sarakunansu kuɗin shiga. Ku 'yan kasuwar iyaka ba sai na yi muku bayanin wannan sana'a ba.

A watan Yuli na 1884 sarakunan gidan Bel da na Akwa suka sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa. Ba a yi shekara 30 ba Jamusawan suka ce za su ƙwace filayen bakin kogi su mai da mutane can baya. Sarki Rudolf Duwala Manga Bel ya ƙi, ya yi ta kai ƙara, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Wurin da aka ware don tura mutanen shi ne Nyubel, wato sabuwar unguwar Bel, wadda daga baya ta cika da baƙi, har da Hausawa. Ashe ɗakin da na kwana ma yana da nasa tarihin. A unguwar Bonanjo na ga gidan sarautar da mahaifinsa ya gina a 1905, mai rufi hawa-hawa, har yau yana tsaye a tsakiyar ofisoshin gwamnati da bankuna.

Daga tudun Bonanjo ake hango tashar jiragen ruwa, kwantena jere kamar an gina gari da akwatuna. Abin da ban sani ba sai ranar, tashar ba a bakin teku take ba. Jirgi sai ya bi wata hanya a cikin kogi mai tsawon kusan kilomita 50 kafin ya iso, kuma kullum kogin yana zubo yashi da laka a cikinta, sai an riƙa yashe ta kamar yadda muke yashe rijiya. Jirgi mai nauyi yakan jira ruwa ya cika kafin ya shigo. Manya-manyan kuwa ba sa iya shiga sam, shi ya sa aka gina tasha mai zurfi a Kiribi, ta fara aiki a 2018.

To, mene ne ruwanmu da wannan? Chadi da Afirka ta Tsakiya ba su da teku, yawancin kayan da suke sayowa daga waje ta Kamaru suke bi. Daga Duwala zuwa Njamena kusan kilomita 1,800 ne, ta Ngaundere, Garwa, Marwa, Kuseri. Akwai ma yarjejeniya tun 1999 da ta raba dakon kayan Chadi: kashi 65 cikin 100 na motocin Chadi, 35 na motocin Kamaru. Duk kwanan da jirgi ya yi yana jira, duk kwanan da kwantena ta ƙara a tasha bayan wa'adinta, kuɗi ne ake caji, kuma mai kaya ba daga aljihunsa zai biya ba, a kan buhu zai ɗora. In kun ji sukari ya tashi a kasuwarmu ba gaira ba dalili, wani lokaci dalilin yana can cikin lakar Wuri.

Rana ta uku: gada da shanu

Wannan ɓangaren naku ne, makiyaya. Kogin ya raba garin biyu. Akwa, Bonanjo, Daido da Nyubel suna gefe ɗaya, Bonaberi tana tsallake. Babbar mayankar gari, wadda hukumar SODEPA ke gudanarwa a Bonendale, tana tsallaken, kuma harkar shanu a wannan ɓangaren take. Tsohuwar gadar da ta haɗa su Faransawa suka gina ta a tsakiyar shekarun 1950. Ita kaɗai ta ɗauki garin fiye da shekara 60, sai a 2017 sabuwa ta fara aiki kusa da ita.

Alhaji ya ce in fita da asuba. Ni kuwa na ga ai tafiyar ba ta da nisa, na tsaya shan shayi, na tsaya jiran ruwa ya tsagaita, ban koyi darasin shekaranjiya ba. Ƙarfe bakwai da rabi muka isa shataletalen Daido, inda wani dogon mutum-mutumi da aka ƙera da tarkacen ƙarfe yake tsaye da ƙafa ɗaya tun 1996. Nan muka maƙale. Motocin da suka fito daga yammacin ƙasar, da na ma'aikata, da kamyo, da benskin, duk bakin gada ɗaya suke nema. Kafin mu tsallaka, mahauta sun gama zaɓen na yanka, ciniki mai daɗi ya wuce. Laifina ne, ba na kowa ba.

Duk da haka na ga abin da ya kai ni. Na ga gudali na Adamawa, na ga jajaye masu dogon ƙaho na Mbororo, wasu sun zo a taragun jirgin ƙasa, wasu a kamyo. Suna tsaye cikin taɓo, kunnuwa a sake. Na tsuguna kusa da wani dattijo Bafulatani da ya rako shanun ubangidansa, na gaishe shi, na ce, "Baffa, yaya kasuwa?" Bai ce mini komai a kan farashi ba. Ya nuna mini wani bijimi da sandarsa, ya ce in dubi tozonsa. Ya ce ranar da aka loda shi tozon nan a tsaye yake, yau kwanansa biyar a nan, ga shi ya fara kwanciya.

Ga lissafin da na fahimta. A gida in farashi bai yi maka ba, sai ka kora dabbarka ka koma ruga, sati mai zuwa ka dawo, ba ka yi asarar komai ba sai tafiya. A Duwala babu wannan. Babu makiyayar da za ka saki garke, kowane dami na ciyawa saye ake yi. Ƙasar kurmi ce, ƙasar tsando mai kawo sammore, ga danshin da ke tayar da kirci, ga taɓon da ke lalata kofato. San da aka haifa a tudu ba zai zauna a nan ya yi ƙiba ba, kullum raguwa yake. Komawa da shi arewa kuwa, kuɗin mota kaɗai ya cinye riba. Mahauci ya san haka sarai. Shi yana da lokaci, kai ba ka da shi, kuma da wannan yake taya maka.

Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar ba sa loda mota sai sun buga waya ga mai masaukinsu sun ji shanu nawa ke ƙasa, nawa ke kan hanya. In mota goma ta riga ka, gara dabbarka ta ƙara sati tana cin ciyawar gida kyauta. Mai masauki kuma ba wurin kwana kawai yake ba ka ba. Shi ya san mahaucin da ke biya da wanda ke ɗaukar bashi ya ɓace, shi ke tsaya maka in an yi jayayya. La'adarsa ba asara ba ce. Amma ko shi ɗin, kafin ka miƙa masa dukiya ka tambayi mutum biyu ko uku da suka taɓa sauka hannunsa. Sannan takardun likitan dabbobi su zama cikakku tun daga gida, don mota da aka tsayar a shinge, shanun cikinta ne ke biya da jikinsu.

Rana ta huɗu: kasuwa da kuɗi

Ranar ta huɗu na yi hankali. Da asuba ina kasuwar Sandaga, inda ake sauke kayan gwari. Tumatir da kabeji daga tsaunukan yamma, ayaba da rogo daga kurmi, albasa daga wajenmu. Da na ji warin albasa na ji ana ciniki da Fulatanci, sai da na ji kewar gida.

Kun tuna kilishina? Abin da ya same shi, shi ke samun albasa. Albasar da za ta yi watanni a rumfa a Marwa, a nan in ta yi 'yan kwanaki a buhu sai ta fara zufa, ta tsiro, ta ruɓe daga tsakiya. Na ga yara suna zazzage buhuna suna tsince ruɓaɓɓu, tarin da aka zubar a gefe kuɗin wani ne. Masu kawowa suka ce mini abu uku suke kiyayewa: albasar ta bushe sosai a gona kafin a ɗura, buhun ya zama mai shan iska, tampol ɗin mota kuma a duba shi tun kafin a tashi, don daga Ngaundere zuwa kudu ko'ina ruwa na iya kama ka. Haka wake da gyaɗa da busasshen kifi, duk abin da rana ta busar, danshin Duwala yana neman ya mai da shi yadda yake.

Daga nan muka zaga Mbopi, kasuwar 'yan sari, inda masu shaguna ke sayen kaya katan-katan, sai kasuwar Kwango ta atamfa da teloli. Ban sayi komai ba, tambaya kawai na yi ta yi, kuma na lura farashin da aka gaya mini da bakina ya sha bamban da wanda aka gaya wa abokin tafiyata. Da ɗan gari akan ci gari.

Maganar kuɗi, akwai tarko biyu. Na farko na 'yan'uwanmu da ke zuwa daga Nijar ne. Sefa iri biyu ce. Ta Afirka ta Yamma daban, ta Afirka ta Tsakiya daban, wadda ƙasashe shida ke amfani da ita: Kamaru, Chadi, Afirka ta Tsakiya, Kwango, Gabon da Gini Ikwatoriya. A hukumance darajarsu ɗaya, kowacce 655.957 ce a kan yuro guda, amma mai shago a Duwala ba zai karɓi ta Yamai ba, kuma ɗan canji sai ya cire nasa. Ka canza tun a inda ka san mutane. Tarko na biyu na lissafi ne. Mu da dala muke ƙirga, in an ce ɗari, sefa 500 ake nufi. Wanda ya yi maka ciniki da Faransanci, ɗarinsa sefa 100 ce. A Nyubel za ka haɗu da duka biyun a layi ɗaya. In ciniki ya yi nauyi, a rubuta lambar a waya ko a takarda kowa ya gani. Ka kuma tanadi canji, don ƙananan kuɗi suna wuya, mai tasi zai iya ƙin ɗaukarka saboda babbar takarda. Manyan kuɗi kuwa gara su zauna a waya da su zauna a lalita cikin cunkoso.

Da yamma muka je Yupwe, mashigar masunta, inda kwale-kwale ke fitowa daga tsibirai ta cikin wasu itatuwa masu saiwoyi a waje, tsaye cikin ruwan gishiri kamar masu dogayen ƙafafu. Nan na ci gasasshen kifi da miyondo, wato rogo da aka jiƙa aka kirɓa aka naɗe a ganye. Na kuma ɗanɗana ndole, miyar da suke alfahari da ita. Da na sa a baki sai na ce, ai shuwaka ce! Ita ce kuwa, an wanke ɗacin, an haɗa da gyaɗa da jatan lande. Inda ba ka sani ba dai ka tambayi irin naman da aka sa, ba wanda zai ji haushi.

Ga mai niyyar zuwa

In tafiyar ta ganin gari ce ko ta neman hanya, daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa ya fi sauƙi. A farkon Disamba ne ma mutanen bakin ruwa ke bikinsu na Ngondo a gaɓar Wuri, da tseren dogayen kwale-kwale. In kuwa kasuwa ce ta kai ka da damina, ka tafi da laima da takalmin roba da gidan sauro, don sauron can ba ya hutun rani. Ruwan sha ka sayi na gora ko ka tafasa, musamman bayan ambaliya. In zazzaɓi ya kama ka, ka nufi asibiti a ranar, kada ka ce sai ka koma gida.

Abin da ya fi duka, kada ka zuba jarinka a zuwan farko. Ka je da ɗan kaɗan, ko ka bi wani a matsayin ɗan rakiya. Ka yi kwana uku kana kallo: yaushe gada ke cushewa, wace unguwa ke cika da ruwa, wa ke saye, wa ke biya. Ranar da zan bar gidan, Alhaji ya rako ni bakin titi yana riƙe da laima, ya ce, "Ɗana, ka gaya wa mutanenku, mun fi son su bugo waya kafin su taso, da su bugo bayan sun iso." Na ce, "In sha Allahu, Baba, zan faɗa." To, ga shi na faɗa.

Masu saurare, na san a cikinku akwai waɗanda suka yi shekara ashirin suna bin wannan hanya, ni kwana nawa na yi. In na yi kuskure ku gyara mini, in na bar wani abu ku cika. Musamman ina son jin ta bakin masu kai shanu da masu kai albasa: kwana nawa kuke yi a hanya yanzu, kuma a wane wata kuka fi samun kasuwa? Ku bugo a lokacin gaishe-gaishe, ko ku ba wakilinmu saƙo ranar kasuwa, za mu karanta a shiri na gaba.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya albarkaci garke da jari. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.